Darasi na Tara: Abin da Ke Tsaron Ƙwayar Masara Daga Kaka Zuwa Damina

Kafin a fara karatu, kowa ya ajiye abu uku a gabansa: goro ɗanye guda ɗaya, ƙwayoyin masara busassu kamar goma, da reza ko 'yar wuƙa mai kaifi. In da hali a jiƙa rabin masarar tun daren jiya, don jiƙaƙƙiya ta fi daɗin tsagawa.

Mu fara da goron, tunda shi ne babba. Tun zamanin da fatake ke ɗauko shi daga Gwanja, su ƙetare kogin Kwara ta ƙasar Yawuri su nufi Kano, babbar hidimarsu a hanya ita ce kada kayan ya bushe. A naɗe shi cikin ganye, a ɗaure huhu, in an sauka zango a kwance a yayyafa ruwa, a tsince wanda ya fara lalacewa, a sake ɗaurewa. Har yau mai goro a kasuwar Yelwa ba ya rabo da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan kwanon ruwa. Goro iri ne, kamar yadda ƙwayar masara take iri. Amma ran da ya bushe ƙayau ya mutu ke nan, ko a ƙasar kurmi ka binne shi ba zai tsiro ba. Haka ƙwallon mangwaro, haka irin koko.

Masara kuwa sai an shanya ta har in ka ciza ta ce ƙas. Ta kwana a rumbu hunturu ya wuce, zafin bazara ya gasa ta, sannan a jefa ta rami bayan ruwa, kwana huɗu ko biyar ka ga ta huda ƙasa. Ganyen masarar da ta haife ta, in ya bushe haka, ya zama abincin shanu har abada. Shuka ɗaya ce, ganyen ya mutu, ƙwayar ta rayu. Me ke cikin ƙwayar da babu shi a ganyen, babu shi kuma a goro?

Ku tsaga ƙwayar

Ku kwantar da jiƙaƙƙiyar ƙwaya, ku duba fuskarta mai faɗi. A gefe ɗaya akwai wani ɗan wuri mai haske, mai kama da farcen jariri. Ku tsaga ta nan, daga sama zuwa ƙasa. Abu uku za ku gani. Na waje shi ne ɓawon da ke zama dusa in an yi surfe. Na biyu, wanda ya cinye yawancin wurin, shi ne garin da muke tuƙa tuwo da shi. Na uku wani ɗan abu ne mai laushi da maiƙo, kwance a gefe. Shi ne mai ran, kuma a darasin nan za mu riƙa kiransa ɗan tsiro. In aka kasa nauyin ƙwaya kashi 100, garin ya kwashe wajen 82, ɗan tsiro wajen 11, sauran ɓawo ne da ɗan tsinin da ke manne da totuwa. A cikin wannan kashi 100 ɗin dai, kimanin 9 zuwa 10 furotin ne.

Kun saba jin furotin a bakin ma'aikatan asibiti: a ba yaro wake, a ba shi kifi da ƙwai don ya gina jiki. Gaskiya ne, amma rabin zance ne. A jikin duk wani abu mai rai furotin ne tubali, shi ne kuma magini. Ɗan tsiron nan da kuke kallo tarin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani sai da madubin likita, masana na kiran kowane ɗaki sel. Kowane sel na kewaye da tantani, cikinsa kuma furotin ne iri-iri har dubbai, kowa da sana'arsa. Wannan ya narka gari ya mai da shi sukari, wancan ya ƙera sabon tantani, wani ya tsaya bakin ƙofa yana zaɓen abin da zai shiga.

Sharaɗin aikin yawancinsu shi ne su zauna a lanƙwashe yadda aka halicce su. Ku tuna ƙugiyar kamun kifi. Ɗan ƙarfe ne kawai, lanƙwasar ce ke riƙe kifi. Miƙe shi, ƙarfen na nan, nauyinsa bai ragu ba, amma ko 'yar karfasa ba zai kama ba. To zafi na miƙe furotin. Abin da ke faruwa ke nan in an dafa ƙwai: ruwan cikinsa ya daskare ya yi fari, kuma ko shekara ya yi a randa ba zai koma ɗanye ba. Bushewa ma haka take yi ta wata hanya. Ruwa ne ke raba furotin da furotin a cikin sel, ya riƙe kowa a kamanninsa. In ruwan ya janye sai su matsu, su manne wa juna su dunƙule, tantanin kuma ya tsattsage kamar lakar bakin tabki da rani. Ran da ruwa ya dawo sai ya tarar da kango.

Masu shiga tsakani

A 1981 wani masani mai suna Leon Dure da abokan aikinsa, a Jami'ar Jojiya ta Amurka, suna nazarin irin auduga, suka lura da wasu furotin da ba a ganinsu sosai sai iri ya kusa ƙosawa, sannan su cika shi maƙil. Daga baya aka raɗa musu suna LEA, wato masu yawaita a ƙarshen girman ɗan tsiro. Aka duba alkama aka same su, aka duba sha'ir da shinkafa aka same su. Na masara da ya fi shahara shi ne RAB17, wanda masana a Basalona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin Montserrat Pagès, suka yi aiki a kansa tun wajen 1990. Yana cikin dangin da ake kira dihaidirin.

Abin mamakinsu shi ne ba su da wata lanƙwasa tsayayya da za a ɓata. Sakakku ne kamar tsumma. Ka tafasa su, ba sa daskarewa irin na ƙwai, suna nan narke a ruwa. Wannan rashin kamanni shi ne amfaninsu. Duk wanda ya ga ana lodin tukwane a kwalekwale ya san ana cusa ciyawa tsakanin tukunya da tukunya. Ciyawar ba kayan sayarwa ba ce, amma in babu ita kafin a kai gaɓa an yi asara. Haka LEA ke shiga tsakanin sauran furotin yayin da ruwa ke janyewa, su hana su mannewa, su kwanta a jikin tantani su riƙe shi kada ya tsage. Ba su kaɗai ke aikin ba. Ɗan tsiro na tara sukari iri biyu zuwa uku a lokacin, sai sukarin da LEA su haɗu su ƙame kamar alewa. Duk abin da ke cikin sel ya tsaya cak a inda yake, numfashi ya ragu har ya kusa tsayawa. A haka ƙwaya ke kwana wata bakwai ko takwas a rumbu.

Masunta za su ce ai gaiwa ma haka take yi. Da ɗan bambanci. Gaiwa na shiga laka ta lulluɓe kanta da yauƙi don ta tsare ruwan jikinta, tana cin jikinta a hankali har damina. Ita masara sallama ruwan take yi ɗungurungum. Wanda ya yi kama da ita sosai wani ɗan ƙwaro ne mai siffar sauro amma ba ya cizo, wanda tsutsarsa ke rayuwa a 'yan kwarmin duwatsu a Arewacin Nijeriya, inda ruwan sama ke taruwa ya ƙafe. An bayyana shi ga masana a 1951 da sunan Polypedilum vanderplanki. Tsutsar kan bushe kamar ɓawon gyaɗa ta shekara da shekaru, a ɗiga mata ruwa, cikin kimanin sa'a guda ta fara motsi. Da masanan Japan suka bincika jikinta, sai ga sukari da furotin LEA, dabarar masara sak.

Wa ke gaya wa ƙwaya lokacin shiri ya yi? Wani sinadari ne mai kai saƙo a jikin shuka, ana kiransa ABA. In ya yawaita a goyon masara, saƙonsa biyu ne: kada ki tsiro yanzu, kuma ki tara kayan kariya. An san wata masara da ke da naƙasa a ƙwayar gadon da ke karɓar wannan saƙo, wadda Donald McCarty na Jami'ar Fulorida ya bayyana a 1991. Irin wannan masara ba ta jira. Tana jikin totuwa, a kan kara, take tsirowa, kuma da an shanya ta ta mutu. Ta koma goro ke nan.

Ga abin da ya shafi manomi kai tsaye. Wannan shiri a makonnin ƙarshe ake kammala shi, masara na tsaye a gona. Daga fitowar gemu zuwa ƙosawa kwana 50 ne zuwa 60. Alamar ƙosawa a tsinin ƙwaya take. Ɓalle ƙwaya daga tsakiyar goyo, ka kankare tsinin da farcen babban yatsa. In ka ga ɗigon baƙi, uwa ta rufe hanyar abinci, ɗa ya gama karɓar rabonsa. In fari ne fes, da saura. Masarar da aka karya kafin baƙin nan ya fito, don tsoron ɓarayi ko shanu ko don kasuwar gashi ta yi kyau, tana iya tsirowa in an shuka, amma tsiron ba ƙarfi, irin kuma ba ya jure ajiya. A ci wannan, a bar na iri ya ƙosa a kan kara.

Masu warware ƙulli

Kariya ta biyu ta zafi ce, kuma kuskure ne ya tona ta. A 1962 a Italiya, wani abokin aikin Ferruccio Ritossa ya ƙara zafin akwatin da ake kiwon ƙananan ƙudaje don gwaji. Da Ritossa ya duba su sai ya ga wasu ƙwayoyin gado da ke barci sun farka. Furotin da suke ƙerawa su ake kira HSP, wato na firgitar zafi, kuma an gano akwai su a jikin mutum da kifi da kowace shuka.

Aikinsu ya yi kama da na masunci da ya dawo daga ruwa ya zauna gindin bishiya da taru a cinya. Inda ya cukurkuɗe ya warware, inda ya yage ya ƙulla, wanda ya lalace sarai ya yanke ya yar. Ƙananan HSP na rungume furotin da zafi ya fara miƙewa kada ya manne da wani. Babbansu a masara, HSP101, shi ke jawo waɗanda suka riga suka dunƙule ɗaya bayan ɗaya don su koma kamanninsu. A yawancin sassan shuka sai zafi ya zo ake ƙera shi. A ƙwaya kuwa tun tana kan totuwa ake ajiye shi, guzuri ne. A 2002 Jorge Nieto-Sotelo da abokansa a Meziko, ƙasar da aka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce, sun nuna cewa tsiron da ba shi da HSP101 na mutuwa a zafin da ɗan'uwansa ke jurewa. Sun kuma ga wani abu da ya kamata a riƙe: in babu zafi, saiwar marar kariyar ta fi saurin tsawo. Ashe tsaron ma da kuɗinsa, shuka na biya daga abin da za ta girma da shi.

Mu a nan mun san zafin da ake magana. A Maris da Afrilu ma'aunin zafi a Yelwa kan kai 40, fuskar ƙasar da ba ciyawa kuma ta zarce 50. Masu noman rani da injin ban ruwa a gaɓar tabkin Kainji, daga Wara har Yawuri, da na fadamun Shanga, su lura da iyakar wannan kariya. Ƙwaya na da guzurin HSP101, amma garin furen da ke saman kara, wanda ke zuba a kan gemu ya haifar da ƙwaya, rauninsa ya fi na kowane sashe. Zafi ya wuce 35 da busasshiyar iska, sai ya fara mutuwa kafin ya yi aiki. Shi ya sa za ka ga kara kore shar, an ba shi ruwa da taki, ka ɓare goyo ka tarar da ƙwayoyi jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. Maganinsa lissafi ne: a shuka da wuri yadda fure zai fito kafin tsakiyar bazara.

Ranar da ƙwaya ta sha ruwa

Wannan sashe shi na fi so ku riƙe, don a nan aka fi yin asara, a nan kuma ni na yi tawa.

Wata shekara a ƙarshen Afrilu aka yi ruwa ɗaya da dare, ƙamshin ƙasa ya tashi, da asuba na ɗauki iri na nufi gona. Wani dattijo maƙwabcina na zaune bakin hanya yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi, ya amsa, ya dubi buhun da ke kafaɗata.

"Malam, ina zuwa da iri?"

"Baba, ai an yi ruwa."

Bai ce komai ba. Ya sunkuya ya tona ƙasa da yatsa, bai kai gaɓa biyu ba sai ga busasshiyar ƙura. Ya watsa ta, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya koma kan ƙotarsa.

Na shuka. Sama ta ɗauke kwana goma sha huɗu. Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, na shiga zagin mai shagon da ya sayar mini da irin. Sai da na tone ramuka na ga gaskiya. Kusan kowace ƙwaya ta kumbura, ta fasa, ta fid da 'yar saiwa kamar tsawon ƙwayar shinkafa, saiwar ta ƙanƙance ta yi ruwan ƙasa kamar zaren da wuta ta lasa. Irin lafiyarsa lau. Ni na tashe shi daga barci na bar shi ba ruwa.

Abin da ya faru a cikin ramin shi ne wannan. Ƙwayar masara na shan ruwa kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyinta kafin ta motsa. Alewar nan ta narke, numfashi ya dawo, ABA ya sauka. Daga nan ɗan tsiro ya shiga rushe LEA da sukarin kariya yana gina saiwa da su, HSP101 na guzuri ma ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Da zarar saiwa ta huda ɓawo, hanyar komawa ta rufe. Ƙwayar da ta jure wata takwas ba ɗigon ruwa, yanzu 'yan kwanakin ƙishi sun isa su kashe ta. Masu yin binne da gero sun san haka: irin da ke kwance a busasshiyar ƙasa ba abin da ke samunsa, yayyafin da zai jiƙa shi ya tafi shi ne abin tsoro. Don haka kafin shukar masara a tona, a ga danshi ya kai taƙi guda, a kuma ga alamar damina ta zauna.

Mutanen bakin tabki na da matsala ta biyu, wato ruwan da ya yi yawa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da dama da suka bar tsibiransu, noman gaɓa ya koma bin hawa da saukar tabki. Ruwa na janyewa da rani har ya kai ƙarshen saukarsa wajen Yuli da Agusta, ya bar ƙasa mai danshi da kowa ke kwaɗayi. Sai farin ruwa, mai ɗauke da laka daga daminar yankinmu, ya taso ya mai da tabkin inda yake, daga baya baƙin ruwa da ya taho tun daga ƙasar Gini ya iso cikin hunturu. Wanda ya shuka can ƙasa-ƙasa, tsere yake yi da farin ruwa.

Masara na da 'yar dabara a nan ma, sai dai gajera ce. A 1980 Martin Sachs da Michael Freeling a Kalifoniya sun nuna cewa in saiwar tsiron masara ta rasa iska, takan dakatar da ƙera furotin da ta saba, ta koma kan wasu kimanin 20 kawai. Su ke ba ta damar samun ƙarfi daga sukari ba tare da iska ba, kamar yadda ƙullu ke tsami a rufe. Abin riƙon ƙwarya ne. Ƙaramin tsiro da ruwa ya shanye kan jure kwana biyu zuwa huɗu, in ruwan da ɗumi ma bai kai haka ba. Masara ba shinkafa ba ce. Kwari na shinkafa ne, masara ta hau tudu ko kunya mai tsayi, kuma a gaɓa a nemi iri mai saurin nuna, na kwana 90 zuwa 95, ko ma na 80 zuwa 85.

Tauri, ƙwari da fumfuna

Ku koma kan ƙwayar da kuka tsaga, busasshiyar wannan karon. Gefe-gefen garin na da tauri da sheƙi kamar gilashi, tsakiya kuma fari ne mai laushi. Bambancin daga wani furotin ne da ake kira zein, wanda ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin garin. Asalinsa abincin ɗan tsiro ne, amma a wurin mai sheƙi ya cike tsakanin ƙwayoyin gari kamar siminti a tsakanin tsakuwa. Aibinsa, a cikin mutum ba shi da ƙarko, don ya rasa tubala biyu da jikin yaro ke buƙata, laisin da tiriftofan.

A 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka sun gano wata masara mai ƙarancin zein da yawan laisin. Aka yi murna, aka ce an sami maganin tamowa. Da aka kai gona sai murna ta koma ciki. Ƙwayar ta yi laushi, ba nauyi, ƙwari da fumfuna suka same ta a ɓagas. Sai da Evangelina Villegas da Surinder Vasal na cibiyar CIMMYT a Meziko suka shafe shekaru suna zaɓe kafin su dawo mata da taurinta ba tare da an rasa laisin ba, aikin da ya sa aka ba su Kyautar Abinci ta Duniya a 2000. Daga zuriyar nan Gana ta fid da Obatanpa a 1992, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a Nijeriya da sunan SAMMAZ 14.

Fumfunar da ta fi haɗari ita ce mai launin kore da rawaya, wadda ke zuba dafin afalatoksin. Dafin na cin hanta, yana tsumburar da yara, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya daga cin gurɓatacciyar masara. Ta fi samun shiga in fari da zafi sun kama masara tana cika ƙwaya. Da masanan Amurka suka kwatanta masarar da ke jure mata da wadda ba ta jurewa, sai suka tarar mai juriyar ta fi yawan wasu furotin da ke hana fumfuna narka gari, ta kuma fi yawan LEA da HSP ɗin nan namu. Tare da cibiyar IITA ta Ibadan suka fid da zuriya shida masu wannan juriya a 2008, don masu ƙirƙiro iri su yi aure da su.

Kada dai a ɗora wa furotin ɗin ƙwaya abin da ya fi ƙarfinsa. Ganye da saiwa ma na ƙera dihaidirin in fari ya matsa, kuma a 1996 an dasa wa shinkafa ƙwayar gadon LEA ta sha'ir aka ga ta ƙara jure ƙishi da gishiri. Amma tukunyar gwaji daban, gona daban. Irin masara mai jure fari da IITA da CIMMYT da Samaru suka yaɗa a ƙasashen Afirka 13 har zuwa 2015, da zaɓe a gona aka same shi: a hana masara ruwa lokacin fure, a ɗauki wadda gemunta ya fito a kan kari ta kuma cika goyo. In mai shago ya ce maka irinsa ba ruwansa da fari, tambaye shi sunan irin da kwanakin nunarsa. Wanda ke jure fari ragin asara yake yi, shi ma sai da ruwa.

Ajiya

Alewa in ta sha danshi takan yi laushi ta dalale. Haka na cikin ƙwaya. Irin da ya ja danshi a ɗaki bai isa ya tsiro ba, amma ya isa ya farka rabi da rabi, yana ƙona guzurinsa a banza. Wannan babbar matsala ce a bakin tabki, inda iska ke da laima, ga shi masarar farko ana karya ta ne a Satumba ruwa bai ɗauke ba. Wani masanin iri, James Harrington, ya bar ƙa'ida mai sauƙi: duk ragin kashi 1 cikin 100 na danshin iri na ninka tsawon ransa, haka duk ragin zafi da maki 5. Lokacin da baƙin ɗigo ya fito danshin ƙwaya na wajen kashi 30, ana so a sauko da shi zuwa 12 ko 13.

A shanya a kan tabarma ko leda mai kauri, ana juyawa. Shanya a gefen kwalta da tsakar rana, ga wanda zai kai niƙa wannan matsalarsa ce, amma ga iri ganganci ne, don jiƙaƙƙiyar ƙwaya ba ta jure zafin da ya wuce 40 da 'yan kai. Don a gane ta bushe, a zuba ƙwayoyi a busasshiyar kwalba tare da cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar shanya. In ya zube ƙasa, a ɗure a jarka mai murfi ko buhun nan mai ciki uku, a ɗora a kan katako nesa da bango da kwanon rufi.

Aikin gida

Mako biyu kafin shuka, kowa ya ɗebi iri daga sama da tsakiya da ƙasan abin ajiyarsa, ya gauraya, ya ƙirga 100 ba tare da zaɓe ba. A jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, layi goma, kowane layi goma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa safe da yamma. Ran kwana bakwai a kwance a ƙirga waɗanda suka fid da saiwa da kai lafiyayyu. In sun kai 85 a shuka yadda aka saba. Tsakanin 70 da 85 a ƙara ƙwaya a rami. Ƙasa da haka a kai niƙa a nemi wani iri.

Ku ware ƙwaya 20 daban don gwaji na biyu. Goma ku jiƙa su sa'a shida kawai, goma kuma ku bar su a jiƙaƙƙen buhu har saiwa ta leƙo. Ku shanya duka a inuwa kwana uku, sannan ku mai da su buhun ku ci gaba da yayyafi. Ku rubuta adadin da ya tsiro a kowane kashi, ku zo da su aji a cikin ganye ko takarda, tare da goronku, wanda za ku bari a rana tun yau.